Awa Biyu Tsakanin Mama da Yayarta

An yi sadakar arba'in ɗin Mama, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta kujerunsu, na koma shago na zauna a gaban keken ɗinki, ƙafata ta ƙi takawa. Shi ya sa na ɗauko biro. Sunana Zuwaira, a Williamsville aka haife ni, ina da ɗan shagon ɗinki a Saint-Michel. Hausata ta 'yan Abidjan ce, inda ta karkace a yi haƙuri. Ina rubuta wannan ne domin duk mai tsoho a ƙasar nan da wani tsohon a Nijar, waɗanda suke gaisawa a waya kowa yana cewa lafiya lau.

Mama, Hajiya Mariyama mai atamfa, tana amarya ta zo Abidjan daga wani ƙauye a bayan Dogondutsi, a kasuwar Adjamé kuma ta tsufa. Uwarsu ta rasu tana jaririya, yayarta ce ta goye ta, ta raine ta har aure. Mu Inna Babba muke ce wa yayar. Mama kuwa ban taɓa jin ta kama sunanta ba, Yaya kawai take cewa. A da, in an jima sai Mama ta cika buhuna da sabulu da atamfa ta hau mota zuwa gida, kwana uku a hanya, ta dawo a galabaice tana yabon furar Yaya. Da hanya ta lalace da rashin tsaro, ga kuma shekaru, sai tafiya ta tsaya. Kowace Juma'a bayan la'asar Malam Garba, ɗan Inna Babba, yakan kai wa uwarsa waya, su biyun su yi ta gaisuwa har kati ya ƙare.

Ciwon da takalmi ya fara. Mama ta ce masu yin silifa sun fara ha'inci, suna rage girma. Na dubi ƙafar, na danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Na ce a je asibiti, ta ce in je in ɗinka rigunan mutane. Bayan nan matakalar kasuwa ta gagare ta, sai ta huta sau biyu kafin ta kai rumfarta. Sai kwanciya ta gagara, ta koma barci a zaune da filo uku a bayanta, ga wani tari mai ruwa-ruwa da ba ya fita.

Masu shawara kuwa, Allah ya yi yawa da su a gidanmu na haya. Tanti Awa, 'yar ƙabilar Jula da muke tsakar gida ɗaya, ta kawo saiwoyi a leda ta ce a dafa. Wata ta ce kambun baka ne na 'yan kasuwa. Aka kawo rubutu a jarka. Baba Alhaji, ƙanen marigayi mahaifinmu, ya taso daga unguwar Biafra ta nan Abidjan, ya zauna, ya shafa gemu, ya yanke hukunci.

"Danshin kurmi ne," in ji shi. Kurmi shi ne sunan da mutanenmu ke kiran ƙasashen bakin teku. "Shekara da shekaru tana shaƙar ruwa. A kai ta gida ta sha busasshiyar iska, sati guda ta miƙe."

Na ga idon Mama ya kawo haske a kan kalmar gida, tun daga ranar kuma ba ta sake ta ba.

Ranar da ta kasa ɗaga buta ta yarda muka tafi wani asibiti a Treichville. Muka fita da sassafe a woro-woro, motar hayar unguwa, muka sauya tasi muka haye gada, muka tarar benci ya riga ya cika. Azahar ta same mu a nan. Aka tura mu hoton ƙirji, aka ce na'urar sai gobe. Gobe aka ce a biya a can, a kawo takarda nan, a koma a buga hatimi. Mama tana jingine da bango tana jan numfashi kamar mai shan kunu mai zafi, ni ina zarya tsakanin tagogi. A rana ta uku muka ga likitar zuciya, wata mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata magana. Ta ɗora abin sauraro sau ɗaya ta ce a ba ta gado yanzu. Ta ce zuciyar ta gaji, ta buɗe, ba ta iya tura jini, ruwa ya taru a huhu.

Satin farko a kan gado, ni da takardar magani muka zama ƙawaye. Da safe takarda, da yamma takarda, har safar hannu da auduga kai ne za ka sayo. Wani maganin babu a kantin asibiti, sai ka fita ka bi shagunan magani ɗaya bayan ɗaya. Atamfofin rumfar Mama suka fara tafiya a araha. Ina kwana a kan kwali a harabar asibiti tare da sauran masu jinya. Amma ba zan ci amanar alheri ba. Akwai wata nas da ke zuwa ta gyara wa Mama filo ko ba aikinta ba ne, akwai kuma wata mata da ke jinyar mijinta, ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, kullum sai ta raba abincinta biyu ta ce mini "yako", wato sannunsu ta nan.

Ruwan ya ɗan ragu, ƙafa ta saɓe, Mama ta samu bakin magana. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ku kai ni wurin Yaya."

Yayana Bube, wanda ke aiki a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, ya zaro waya. Shi mutum ne da ya yarda da duk abin da waya ta faɗa. Ya duba ya ce daga filin jirgin Abidjan zuwa na Yamai kilomita dubu ne da 'yan kai, jirgin da ba ya yada zango ba ya cika awa biyu ma.

"Awa biyu?" in ji Mama. Ita da ta saba da kwana uku, sai ta ɗauka wasa yake yi mata. "Kamar in tahi kasuwa in komo?"

"Ko ciniki ba ki gama ba, la vieille," in ji Bube, wato tsohuwa da Faransanci.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Daga ranar awa biyu ta zama waƙar ɗakin. Duk wanda ya zo dubiya sai an gaya masa, shi ma ya riƙe baki ya ce ai nan da nan ne. Bube ya ci bashi ya kama kujera biyu, ta Mama da tawa, tun kafin kowa ya tambayi likita.

Da muka tambaye ta, ta cire tabarau ta dube mu. Da Faransanci ta yi maganar, amma ta zauna mini a kai kamar da Hausa aka yi ta.

"Awa biyu ta mai lafiya ce," in ji ta. "A can sama iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Ku ba za ku ji ba, ita za ta ji. In kun sauka kuma, nan ne garinku?"

Bube ya ce a'a, akwai sauran tafiyar mota ta kusan wuni, kwalta da turɓaya.

"A ƙauyen akwai kwalbar iska?"

Muka ce babu. Ta ja mu bakin ƙofa ta nuna mana barandar ɗakin, doguwa, da taga a can ƙarshenta.

"Ranar da ta taka daga nan zuwa tagar can da ƙafarta, ba tsayawa, ba roba a hanci, ku kawo takardar jirgi in sa hannu. Kafin nan ba ni ba."

Mama ta ji, ta ce ai wannan ba komai ba ne, ita da ke zagaye kasuwar Adjamé da dila a ka. Kowace safiya sai ta sa in ɗaura mata zani da kyau, ta zare robar iska daga hanci, ta dafa bango. Na haddace barandar nan fiye da ɗakina. Akwai ƙofar ɗakin nas-nas, akwai wani jan bokiti, akwai benci, sannan taga. Ranar farko ta kai ƙofar nas-nas. Bayan 'yan kwanaki ta kai jan bokiti, ta dube ni tana haki tana murmushi, ni ma na yi guɗa a hankali. Sau ɗaya tak ta taɓa bencin da hannunta. Washegari ko bokitin ba ta kai ba, leɓenta ya yi toka, muka kwaso ta a keke. Ina tura keken ina kallon tagar, ina jin haushinta kamar mutum ce ta yi mini laifi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Juma'a. La'asar na yi Mama za ta sa a tayar da ita zaune, ta cire robar, ta tara numfashi, waya ta yi ƙara.

"Yaya, lahiya lau. Kasuwa da godiya. Mura ce 'yar kaɗan, ta wuce."

Tana ajiye wayar sai ta zube, mu yi ta fifita. Na ce, "Mama, don Allah ki gaya mata gaskiya."

Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. "Yaya ta tsuhwa. Kina so hawan jini ya kashe ta? In na isa ta gan ni da idonta. Wanda duk ya gaya mata, ban yahe mishi ba."

Wanda ba namu ba zai ce wannan wauta ce, amma haka muka taso muka tarar. Daga kurmi kuɗi ake aikawa gida, da atamfa, da hoton suna da na aure. Ba a aika labarin ciwo. Na gida ba ya jin ɗan uwansa ya kwanta sai ranar da za a ce masa ya yi haƙuri. Tafiya kuma hanya ɗaya take bi, na kurmi ne ke zuwa gida, ƙarami ne ke zuwa wurin babba. A tsawon zaman Mama a Abidjan, Inna Babba ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, ba wanda ya taɓa tunanin ta taka.

A sati na huɗu Baba Alhaji ya gaji da jiran taga. Ya tara mu a harabar asibiti.

"Wa ya ce sai da takardar likita ake shiga jirgi? Wanda ya je ya ce ba shi da lafiya shi ake tambaya takarda. Mun kai tsofaffi da yawa a haka. A yi mata wanka, a sa mata kaya masu kyau, ta shiga da ƙafarta. Awa biyu ce fa."

Na ce, "Baba, likita ta ce iskar sama..."

"Likita ta san kurmi, ba ta san mu ba. Ke yarinya ce, Zuwaira."

Shekarata ta haura arba'in, amma a gaban Baba Alhaji yarinya ce ni har in mutu. Bube ya sunkuyar da kai. Mama ta ce ita ta yarda. Aka sa hannu cewa mu muka fitar da ita da kanmu. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta dube ni ne kawai, na ji da ma zagina ta yi.

Ni na shirya ta. Na sa mata leshinta mai ruwan zuma, na ɗaura mata ɗankwali, na zizara mata kwalli, na goga mata jan baki don ya rufe tokar leɓen, na fesa turare. Ta yi kyau har na ji tsoro. A mota daga Treichville zuwa filin jirgi a Port-Bouët tana ta tattalin numfashi.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, daga ƙofar filin jirgi zuwa inda ake auna kaya ya fi barandar asibiti tsawo. Ta shiga da ƙafarta kamar yadda Baba ya ce, kai a sama, ni a dama, Bube a hagu. Ta yi rabi. Sai na ji nauyinta duka ya dawo kaina. Muka zaunar da ita a kan keken kaya, gumi yana wanke kwallin, ƙirjinta yana ƙugi. Wata ma'aikaciyar jirgin ta zo da sauri ta durƙusa ta tambaya ko Hajiya ba ta da lafiya ne.

"Gajiya ce," in ji Baba Alhaji. "Azumi take yi."

Matar ta juyo gare ni. Na dubi farcen Mama, ya yi shuɗi. Na tuna a sama babu inda ake tsayawa a sauke mutum. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ciwon zuciya ne. Yau muka fito da ita daga asibiti."

Matar ta ce ta yi haƙuri, ba za su iya ɗaukarta ba sai da takardar likita. Ta kira masu agaji suka sa mata iska. Baba Alhaji ya kaɗe rigarsa ya fita bai dube ni ba. A motar asibiti, muna komowa, Mama ta janye abin da ke fuskarta ta ce mini magana ɗaya.

"Ke kinka hana ni gida."

Ban san ko akwai abin da ya taɓa yi mini zafi kamar wannan ba. Na san gaskiyata, amma gaskiyar ba ta hana ni kuka a bayan ɗakin wanka ba. Aka mayar da ita gadonta, ta fi da lalacewa. Ta daina yi mini magana. In na miƙa mata cokali sai ta juya kai, in Tanti Awa ta miƙa sai ta karɓa. Ina wanke ta, ina juya ta, ina shafa mata mai, tana kallon bango. Barandar ma aka daina zancenta. Likita ta kira ni gefe ta ce ƙoda ta fara bin zuciya, in akwai wanda ya kamata ya gan ta, a kira shi.

Na fita na zauna a kan kwalina da rana tsaka. Wani jirgi ya wuce can sama, na bi shi da ido ina tsine wa awa biyun nan da ta shiga gidanmu ta hana mu tunani. Ina cikin tsinuwar sai abin ya faɗo mini. Jirgin da ke zuwa Yamai ai dawowa yake yi. Mun shafe sati biyar muna ja da mai ciwo ta taka baranda, alhali a ɗaya bakin akwai tsohuwa mai ƙafafu biyu lafiyayyu da ke zuwa gona.

Na san abin da Mama ta ce game da wanda ya faɗa. Na auna, na ga ta riga ta juya mini baya, abin da ya rage mini in rasa kaɗan ne. Ran Talata ce, ba ranar waya ba. Na kira Malam Garba na ce ya kai wa Inna. Da na ji muryarta sai gaisuwar ta maƙale mini.

"Inna, Mama ba ta da lafiya. Ba mura ba ce. Wata guda ke nan da ɗori tana asibiti. Likita ta ce a kira na kira."



"Na sani," in ji ta. "Ni na goye ta, ban san numfashinta ba? Kowace Juma'a ina ji tana tara shi kamin ta yi magana. Na yi kawaici ne don ta ce lahiya, ban so in kunyata ta." Sai muryar ta tashi. "Ku kuma 'yan kurmi, mi kunka ɗauke ni? Ƙwai? Na binne miji, na binne ɗiya huɗu. Wace mota ka zuwa nan?"

Na ce ba mota ba, jirgi.

"Ko jaki ne a kawo."

A nan nake roƙon mai karatu. Wannan kawaicin namu yana da kyau a wurin biki, a wurin ciwo yana cinye kwanakin da ba su dawowa. Ita tana ɓoyewa don kada ta tayar wa yayarta da hankali, yayar tana yin kamar ba ta gane ba don kada ta kunyata ta, mu muna tsakiya muna sayar da atamfa. Kuma in an ce maka tsakanin gari da gari awa kaza ne a jirgi, ka tambaya daga wane gado zuwa wane gado, kuma wane ne a cikin biyun yake da ƙarfin tafiyar.

Bube, Allah ya saka masa, bai tsaya gardama ba. Ya je ya yi ta roƙo aka juya abin da ya saura na kuɗin kujerunmu, 'yan kasuwar layin Mama suka cika sauran ba tare da an roƙe su ba. Sai ga wata matsalar, katin shaidar Inna ya daɗe da mutuwa. Malam Garba ya yi ta sintiri a Dogondutsi, kwanaki suna tafiya, Mama tana ƙara nisa. Ta fara kiran mutanen da suka rasu tun kafin a haife ni. Kullum da safe sai in sa kunne a ƙirjinta kafin in gaishe ta. Ban gaya mata abin da na yi ba. Juma'a ta zo, waya ta yi ƙara, ba ta iya ɗauka ba.

Da takarda ta fito, Inna da Malam Garba suka kwana a Yamai gidan wani ɗan garinsu. Baba Alhaji, wanda bai yi mini magana ba tun filin jirgi, shi ya nemo wani ɗan kasuwar Adjamé da zai dawo a jirgin ranar, ya damƙa masa amanar tsohuwar. Wannan ma na rubuta masa.

Ranar da za ta iso aka tashi da ruwa irin na Abidjan, wanda ba ya san wasa. Bube ya tafi tarbo ta, ni ina bakin gado. Mama tun safe ba ta buɗe ido ba, numfashin yana zuwa, ya tsaya, sai na ƙirga a raina kafin ya dawo. Malam Garba ya kira ya ce jirgi ya tashi. Na yi azahar a gefen gado, na goge mata fuska, na canza mata zani, sai ga Bube ya kira ya ce jirgin ya sauka. Kilomita dubu ta ƙare kafin in gama ɗan wannan aikin.

Sai babban titin da ya taso daga filin jirgi ya cika da ruwa, motoci suka tsaya cak. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Ina kira, Bube yana cewa suna nan inda suke. In sake kira, ya ce sun matsa tsawon mota uku. Na fara yi masa ihu kamar shi ya yi ruwan.

"Ku sauka ku taka!"

"Da tsohuwa, Zuwaira? Ruwa har gwiwa!"

Na ji muryar Inna a bayansa tana cewa a buɗe mata ƙofa. Ashe sauka suka yi. Bube ya goya ta ya ratsa ruwan zuwa wani layi, suka samu wata motar da ta bi ta lunguna. Daga filin jirgi zuwa Treichville ya ci musu fiye da abin da Yamai zuwa Abidjan ta ci. Ni kuwa ina riƙe da hannun Mama ina ce mata ta jira, ban ma san ko tana ji ba, ban kuma gaya mata wa za ta jira ba.

Ana kiran la'asar na ji takun silifa a baranda. Na leƙa. Wata 'yar tsohuwa ce baƙa, siririya, zaninta sharkaf, da ƙullin leda a hannu, ta taho tun daga wajen taga, ta wuce benci, ta wuce jan bokiti, ta wuce ƙofar nas-nas, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ba ta gaishe ni ba. Ta hau gadon ta zauna, ta ɗago kan Mama ta ɗora a cinyarta.

"Talle," in ji ta. "Talle, tashi."

Ban taɓa jin sunan nan ba. Daga baya ta gaya mini sunan da ake ba jaririn da uwarsa ta bari ne. Idon Mama ya motsa, ya buɗe a hankali. Ta daɗe tana kallon fuskar da ke samanta. Ba ta dubi bango ba, ba ta dubi kwalbar iska ba.

"Yaya," ta ce. "Har mun sabka?"

Na buɗe baki, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Kun sabka. Sannu da hanya."

"Ashe ba nisa."

"Babu nisa."

Inna ta kwance ledar. Dawo ne, curi uku, da ta kirɓa da hannunta a Yamai da asuba. Ta sa na nemo nono a bakin asibiti, ta dama a kofin roba da ruwa-ruwa, ta ɗiga wa Mama a baki da cokali. Nas ta leƙo, ta gani, ta ja ƙofa. Mama ta haɗiye sau biyu, ta lumshe ido.

"Wa ya kawo ki?" in ji Inna, tana share mata baki da gefen mayafi.

Mama ta juyo da kai, karo na farko tun ranar filin jirgi, ta neme ni da ido har ta same ni.

"Zuwaira ta kawo ni."

Washegari da hantsi ta cika, kanta a cinyar da ta fara kwanciya a kai. Inna ce ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Ta ce ita ta yi na farko, ba ta barin wa kowa na ƙarshe. A maƙabartar Williamsville aka sa ta, cikin jar ƙasa mai danshi. Allah ya haskaka kabarinta, ya ba masu jinya na kan kwali haƙuri, ya saka wa duk wanda ya miƙo mana hannu.

Da aka watse, na tarar da Inna zaune a ɗakin Mama ta buɗe ledar nan. Curi biyu sun rage. Ta gutsura ta ɗanɗana, ta miƙo mini.

"Ci ki ji," in ji ta. "Shekara nawa ina cewa ta yi mini nisa. Ko tsami bai yi ba."